Ranar da kwanon kuza ya tafi matsar mai

Ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai aka ce garinmu ma ya tara kayan da, don yara su gani. A nan Tasawa aka ba mu wani ɗaki a bayan lakwal, wato makarantar boko, tsohon wurin ajiyar gujiya, wanda bai taɓa daina ƙanshinta ba. Ni aka ba makulli, don na gama firamare, kuma kowa ya san ni da tsoron kayan mutane. Ko allura aka ba ni ajiya, sai na leƙa ta sau uku kafin azahar.

Kayanmu ba yawa: takobi marar kube, tsohuwar galma, akushi biyu. Abin da ake zuwa kallo shi ne wani kwanon sarki, na ƙarfe mai hannu biyu, wanda wani dattijo ya ɗebi ƙasa da shi a haƙar kuza ta Jos, ya shiga jirgin ƙasa da shi har Kano. Mu ba mu taɓa ganin jirgi ba. Gujiyarmu ce ke tafiya a kamyo, babbar motar kaya, ta je ta hau. Sai mutane su kewaye kwanon nan kamar shi ne jirgin.

Sai dai mutanenmu aro suka ba gwamnati, ba kyauta ba. Mai galma ya zo da damina ya ɗauki abarsa, na haƙura. Wata safiya sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankinmu, ya aiko cewa da hantsi zai kawo babban baƙo daga Yamai, kuma kwanon kuza zai fara nuna masa. Ina cikin shara sai ga matar dattijon. Ta gaishe ni, ta ɗora kwanon a ka.

"Inna, don Allah! Yau ne fa baƙon!"

"Yau ɗin nake matsar mai, ɗan nan. Na soya gujiya, na daka. A zanena zan tuƙa?"

"Ai kayan tarihi ne."

"Tarihi! Ni da na girme shi, don me ba ka kulle ni ba?"

Ta fita abinta. In sufurefe ya tarar da wurin wayam, zai karɓe makulli a gaban jama'a, gari ya ce ɗan wane ya ci amana. Wani magini maƙwabcinmu ya ce in ɗauki nasa, baƙo ba zai gane ba. Na ɗauko har ƙofa, sai na tsaya. Katin da na rubuta da hannuna ya ce kwanon ya je Jos. Na magini ko Mayahi da ke nan kusa bai taɓa zuwa ba. Na mayar masa, ina istigfari a hanya.

Na rubuta sabon kati: "Kwanon kuza. Ya tafi matsar mai. Zai dawo bayan la'asar, in Allah ya so."

Baƙo ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa. Sufurefe kuwa ni yake kallo.

"Ina gidan?" in ji baƙon.

Muka tafi a ƙafa, ni a gaba kamar mai kai kansa kurkuku. Muka iske Inna hannu dumu-dumu cikin kwanon, mai na tasowa.

"Ranka ya daɗe, kalla daga nan," ta ce wa baƙon, "kada takalmin nan ya zubo mini ƙasa."

Dattijon ya taso daga tabarma, ya ba da labarin ramin kuza, ya yi kukan jirgi da bakinsa har awaki suka watse. Baƙo bai tashi ba sai da aka soya ƙuli-ƙulin farko.

A ƙofar gida sufurefe ya miƙo mini hannu. Na ciro makulli daga wuyana na sa masa.

"Me zan yi da wannan? Katin nake so. Baƙo zai tafi da shi Yamai."

Na mayar da makulli wuyana, na ruga na ɗauko. Sai da motarsu ta ɓace na tuna cewa katin ma na gwamnati ne, kuma ban sa kowa ya sa hannu ba.