Jan Sabulun Goggo

Shekarar da omo da sabulu suka yi tsada a Diffa, har in na wanke kwano sai na tsaya ina kallon kumfa tana zubewa ƙasa da tausayi, wani proje na masu ba da tallafi ya tara matan unguwarmu a rumfa don a koya mana haɗa sabulun ruwa. Mai koyarwar da Faransanci take magana. Wata ta juya zuwa Barbarci, wata kuma ta juya Barbarcin zuwa Hausa. Kafin bayanin ya iso bayan rumfa inda nake zaune, abin da ya rage shi ne: a zuba, a juya, kada a taɓa da hannu.

Aka ba kowaccenmu ƙullin farar hoda, da soda, da wani ruwa mai yauƙi a gora. Kala da turare sun ƙare kafin a zo kaina.

A gida ina cikin juyawa a babbar roba sai ga Goggo, ƙanwar mahaifin maigidana. Ita a bakin Komadugu ta yi rayuwarta tana noman tattasai, har zama can ya gagara, ta dawo wurinmu da buhunanta. Ta leƙa robar.

"Ɗiyata, wannan koko ne?"

"Sabulu ne, Goggo. Kala ce ban samu ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da kwano cike da garin tattasai, irin wanda take haɗawa da barkono, ta juye shi kafin in buɗe baki. Na ce malamar ba ta ce a sa tattasai ba.

"Ta ce kada a sa?"

Na ci gaba da juyawa. Ko ta ce, bai iso bayan rumfa ba.

Sabulu ya fito ja jawur, yana ƙamshin miya. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko baƙi muka yi. Kuma tsakani da Allah yana wanke kwano ƙal. Wannan ne ya ba ni ƙarfin hali na wanke farar rigar maigida ta Juma'a da shi. Ta bushe da launin cikin kankana.

Ya daɗe yana juya ta a hannu. "Wannan tawa ce?"

"Taka ce, kuma yanzu ta yi kyau," in ji Goggo daga kan tabarma. Shi ba ya musu da ita. Ya sa ya tafi masallaci.

Abin da ya faru can shi ya ba mu labari, yana wanke ido. Rana ta yi zafi, gumi ya jiƙa riga, tattasai ya farka. Ya fara atishawa. Na damansa ya karɓa, na hagu ya karɓa, aka yi ta miƙa ta har ƙarshen sahu. Da aka sallame, wani dattijo ya biyo shi har ƙofar gida. Ya ce tun damina hancinsa a toshe yake, yau ya buɗe, don Allah wane turare ne wannan.

Kashegari mata suka fara sallama da goruna a hannu, suna neman maganin mura. Ina cewa sabulu ne, Goggo tana zubawa tana ba da ƙa'ida da Hausarta mai gargada: "A shaƙa, kada a sha." Wata ta dawo ta ce kyankyasai sun bar makewayinta. Wata ta ce mijinta ya daina zaman banza a ɗaki tun da ta goge daɓe da shi.

Ragowar sabulun kuwa, wani makiyayi ne daga wajen Maine-Sorowa ya kwashe, wai zai gwada wa kaska. Bayan ƴan makonni ya dawo fuskarsa wasai. Kaska ta zube, kuma farin ragonsa ya koma ja. A kasuwa wani ya rantse irin na Sudan ne, ya saye shi da daraja.

"Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba," in ji makiyayin. "Hajiya, jarka guda nake so. Tumakina duka farare ne."

Muka sayo kayan haɗi a kasuwa muka sake. Sai dai ni ban san awon farko ba, Goggo kuma ta ce ita hannunta ne awo. Muna juyawa da sanda abin ya fara kauri, ya yi hayaƙi, ya sandare kamar siminti, sandar tsaye a tsakiya. Maigida ya ja, makiyayin ya ja, ba ta motsa ba. Robar ma ta ƙi ɗaguwa.

Makiyayin ya tafi da jarkarsa wayam, yana waiwaye. Robar tana nan bayan madafa har yau. A jikin sandar muke ɗaure akuya.