Yaya da Siraran Tsirkiyoyinsa

Yayana bai iya faɗa ba, ni na kwashe rabonsa na masifa tun muna yara. Aikinsa yankan kwanon rufi a wani kamfani, tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. Duk wanda ya taɓa leƙa wurin nan ya san ba a magana da baki, sai da hannu, don ƙarar injina. Abin toshe kunnen da ake raba musu kuwa aljihu yake jefa shi, wai kada wani ya ji ciwo ya yi kira bai ji ba. Haka yake, bawan Allah.

Abu ɗaya ya taɓa saya don son ransa: wata jar jitar lantarki mai tsirkiya goma sha biyu, a hannun wani makaɗin otal da ya bar sana'a. Tsirkiyoyin bibbiyu suke, yawanci mai kauri da siririya a gefenta. Yaya yakan ce kowa na da masu kaurin, siraran nan su ne gishirin kiɗan. Ran hutu zai jona ta da amfilifayarsa, akwatin nan mai ƙara sauti, ya zauna bakin gado, matarsa na guga, ni ina tsokanarsa wai ya hana kajin maƙwabta sakewa. Amma fa in ya taɓa, wallahi sai ka ji kamar mutum biyu ne ke kaɗawa.

Shekarar da matarsa ta kwanta ciwo amfilifayar ta ƙone. Bai ko waiwaye ta ba, asibiti ya ishe shi. Da ta rasu ya tura jitar ƙarƙashin gado, ta yi ta shan ƙura har ya yi ritaya.

Sai wata safiya ga shi a ƙofata, jita a kafaɗa, ya sa mata sababbin tsirkiyoyi.

"Auta, raka ni in sayi amfilifaya. 'Yar ƙarama, mai sauƙin kuɗi. So nake in sake jin siraran nan."

Kunnen Yaya ya daɗe da fara tafiya, kowa a gida ya sani sai shi. Butar shayi ta yi ta kuka a kan wuta yana zaune kusa da ita, bai ji ba. Jikarsa ta yi ta "Kaka, Kaka" da 'yar siririyar muryarta, bai juya ba. Muryar maza yana ji, ƙarar mota yana ji, amma duk abu mai siririn sauti ya ɓace masa. Na sha yi masa maganar likita, sai ya yi dariya ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Na ɗauki mayafina na bi shi.

A shagon farko ya jona, ya kaɗa, ya karkata kai. Ni na ji tsirkiyoyin nan ras, har tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa ya yamutsa fuska.

"Wannan ta haɗiye siraran. Kamar an lulluɓe ta da bargo."

Shago na biyu ma haka. Mai shagon ya fara ƙunƙuni, wai tsoho ya zo ɓata wa mutane lokaci. Ai kuwa na wanke shi tas, na ce da ya san wanda ke zaune a kujerarsa da bai buɗe wannan bakin nasa ba. Yaya ya ja ni waje yana ba shi haƙuri.

"Kayan yanzu ne, Auta," in ji shi a hanya. "Duk na jabu ne. Tawa ta da, ko a soro kike sai kin ji su."

Na ce, "Haka ne, Yaya." Me zan ce?

Muka ƙare a wani ɗan shagon mai gyara, can cikin lungu, rediyoyi da lasifikoki jibge har rufi, wurin na warin dalma. Mai gyaran dattijo ne mai haƙuri. Ya sauko da wata 'yar baƙar amfilifaya ta hannu, ya ce ba ta da tsada kuma tana fitar da sauti garau, irin wanda jita mai sha biyu ke so. Yaya ya kaɗa, ya ce a ƙara siririn sautin. Mai gyara ya murɗa. Ya ce a ƙara. Ya murɗa har ƙarshe.

"Baba, iyakarta ke nan."

Yaya ya matsa kusa don ya saurara, jitar ta fuskanci lasifikar. Nan take abin ya saki wata irin ƙara, tsiiii, mai huda ƙwaƙwalwa. Na toshe kunnuwana. Mai gyara ya toshe nasa. Wata mata da ta kawo gyaran rediyo ta yi waje da gudu tana salati.

Yaya na nan zaune, kansa a sunkuye, yana ta lalubar tsirkiyarsa hankali kwance. Sai ya ɗago. Ya dube ni, hannuwana a kunne. Ya dubi mai gyara. Ya daɗe yana dubanmu kafin mai gyara ya kai hannu ya kashe.

"Ƙara ta yi?" ya tambaya a hankali.

Mai gyara ya juya ya hau naɗe waya.

"Auta, da ke nake. Ƙara ta yi?"

"Ta yi, Yaya."

"Sosai?"

Ni da bakina bai taɓa mutuwa ba, ranar kai kawai na ɗaga. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kowa: kamfanin, injinan, har shi kansa da kirkinsa.

Ya shafa wuyan jitar. "Ashe na je ina zagin kayan mutane," ya ce. Sannan ya dubi mai gyara. "Mayar da ita yadda masu kunne ke so. Auta, ke za ki zaɓa. Wannan ta yi?"

Na ce ta yi. Ya biya, bai ko nemi ragi ba, ya rungumo ta muka fito. Muka kama hanyar gida.

Na zaci ƙarƙashin gado za ta koma. Amma muna shiga ya jona, ya zauna bakin gado, ya nuna mini kujera. Ya sa yatsa ya taɓa mafi sirantar tsirkiyar, ita kaɗai, idonsa a kan fuskata.

"Ta fito?"

"Ta fito, Yaya."

"Da daɗi?"

"Wallahi da daɗi. Kamar da."

Ya gyara zama, ya ɗora yatsunsa.

"To zauna nan, kada ki tashi," ya ce. "Ki ji mini."