Buhunan waken da ke ɗakin Inna

Shekarun baya, ba da nisa sosai ba, lokacin da manhajojin AI da ake hira da su suka fara shiga wayoyin mutanenmu, ni da wani abokina mun mayar da su abin musu. Ina koyarwa a wata firamare a Isa, shi kuma yana gyaran waya a bakin kasuwa. In na taso daga makaranta sai in zauna a bencin shagonsa, mu jefa wa manhajata da tasa tambaya iri ɗaya, mu ga wadda ta fi. Tawa Hausarta tsaf, ga ladabi, ko shirme ka tambaya sai ta ce tambaya ce mai kyau. Tasa kuwa Hausarta kamar ta baƙo, kuma ba ta ba ka amsa sai ta gama yi maka tambayoyi, har na raɗa mata suna 'yar sanda. Ina alfahari da tawa kamar ni na ƙera ta.

Gidanmu yana wani ƙauye ta wajen Gatawa. Tun da 'yan bindiga suka fara fasa rumbuna suna ƙona abin da suka kasa ɗauka, mutane suka daina barin amfanin gona a waje. Gero da dawa da wake duk suka koma ɗakunan kwana. Namu waken a ɗakin mahaifiyata aka jibge shi, don shi ne a tsakiyar gida kuma shi ke da ƙofar ƙarfe. A nan take kwana da jikokinta, 'ya'yan yayana, su a tabarma ita a gado, buhuna sun cinye rabin ɗakin.

Wata ranar kasuwa da hantsi yayana ya same ni da wani ɗan gwangwani a hannu. Ya ce ƙwari sun fara huda waken, wani mai kawo kaya daga Nijar ya sayar masa da ƙwayoyin maganin da ke cikin gwangwanin, ya ce ba su da na biyu. Rubutun jikin gwangwanin duk Faransanci ne, shi ya sa ya zo wurin ɗan boko. Ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba, amma ban nuna ba. Na ɗauki hoton rubutun na tura wa manhajata, na ce ta fassara ta faɗi yadda ake amfani da shi a buhun wake. Ta fassara dalla-dalla, ta ce a rufe buhunan da kyau kada iska ta fita, a sa a wurin ajiya, a nisanta da yara. Na karanta masa ina gyara murya. Ya yaba, ya sa gwangwaninsa a aljihu ya kama hanya tun kafin azahar, don a hanyarmu ba wanda ke bari rana ta karkata.

Sai bayan azahar na isa shagon abokina. Don in nuna masa bajintar tawa, na tura masa hoton na ce ya gwada 'yar sandarsa mu gani. Kamar kullum ba ta fara da amsa ba. Ta tambaya a ina buhunan suke, kuma akwai mai kwana a wurin ko a ɗakin da ke manne da shi. Na yi dariya na ce ka gani, ta fara bincike. Ya rubuta mata cewa a ɗakin tsohuwa suke, tana kwana a ciki da yara. Ina kallon fuskarsa yana karantawa, sai na ga ya ajiye abin kwance wayar da ke hannunsa, ya miƙo mini wayar.

Ta ce ƙwayoyin nan idan suka sha iska suna fitar da wani tururi mai guba wanda ido ba ya gani, shi ke kashe ƙwarin, kuma haka yake kashe mutum, yara su ne farko. Ta ce in an riga an sa, a fitar da kowa daga ɗakin yanzu, kada kowa ya kwana a ciki ko kusa da shi, wanda ya ji ciwon kai ko tashin zuciya a kai shi asibiti.

Duk da haka sai da na yi gardama. Na ce wannan ta faye tsorata mutane, bari in koma wurin tawa. Na rubuta mata maganar ɗakin kwana. Nan take ta ce lalle haɗari ne babba, ta maimaita kusan duk abin da waccan ta faɗa, har da gode mini da na yi ƙarin bayani. Ban taɓa jin haushin ladabi irin na ranar ba. Ashe ita ma ta sani. Da ta ce wurin ajiya, a tunaninta akwai wani sito can nesa da mutane, ni kuma ban faɗa mata wurin ajiyarmu shi ne bakin gadon uwata ba.

Na kira yayana, waya ba ta shiga. Ƙauyenmu ba sabis, sai mutum ya hau tudu ya laluɓo layin Nijar. Na kira duk wanda na sani a can, shiru. Na fita wurin 'yan kabu-kabu, kowa na faɗa wa inda za ni sai ya kalli rana ya girgiza kai. Ban ga laifinsu ba. Ina tsaye ban san abin yi ba sai na ji ƙarar babur a bayana, abokina ne ya kulle shagonsa ana tsakar ciniki.

"Hau mu tahi," in ji shi. "In munka tsaya shawara dare na yi."

Ba zan manta da hanyar nan ba. Gonaki hagu da dama ba kowa a ciki, wasu ma ba a nome su ba. Duk babur ɗin da muka hango daga nesa sai abokina ya rage gudu, ni kuma in ji hannuna ya ƙanƙame rigarsa har sai ya wuce mun ga ashe manomi ne. Ina ta addu'a a zuci, rabi don hanya, rabi don Allah Ya sa yayana ya yi lalaci ya bar aikin sai gobe. Na san ba zai bari ba, ba halinsa ba ne.

Rana ta yi ja muka shiga gida. Abin da na fara gani tagar ɗakin Inna ce, an toshe ta da tsummoki don kada ƙarfin maganin ya fita. Inna tana zaune a tsakar gida ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta ce tun da ta yi la'asar a ciki kanta ke sara, rana ce. Na tambayi yara, aka ce ƙaramar tana ciki tana barci. Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Wani wari kamar na tafarnuwa ya bugi hancina. Na riƙe numfashi na sunkuci yarinyar na fito da ita, ta farka tana kuka, kuma kukan nan ya fi mini komai daɗi a ranar.

Yayana ya zo yana faɗa. Na yi masa bayani ina haɗa kalmomi da ƙyar.

"Ba kai ka karanta min da bakinka ba?" ya ce. "Waya guda ta ce a sa, guda ta ce a gudu. To wace za mu bi?"

Na ce masa duka biyun yanzu bakinsu ɗaya, tambayar ce ban yi ta cika ba. Na ce in ƙarya ne, abin da muka yi asara kwanan dare guda ne a gidan maƙwabta. Inna ta ce ita ba ta barin ɗakin da ta haife mu a ciki don maganar waya. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, ba don ni ba, don ɗiyan ga. Daren yau kaɗai."

Ta kalli yarinyar da ke kafaɗar abokina, sannan ta ce a ɗauko mata butarta a waje, ba ta son wani ya sake shiga. Aka ja ƙofar, gidan gaba ɗaya muka koma maƙwabta.

Da safe muka cire tsummokin ta waje, muka tura ƙofa da sanda muka ja baya. Da iska ta ɗan ratsa, yayana ya leƙa daga bakin ƙofa, sai na ga ya dafa bango. Akwai wata kaza da ta ƙyanƙyashe a ƙarƙashin gadon Inna, a rikicin jiya ba wanda ya tuna da ita. Tana kwance ta miƙe ƙafafu, 'yan tsakinta a warwatse kewaye da ita, ba mai motsi.

Ranar muka kai Inna da yarinyar asibiti aka duba su, Allah Ya tsare. Wani malamin gona ya nuna mana yadda za a yi da buhunan, ɗakin kuma ya daɗe a buɗe kafin a koma.

Har yanzu ni da abokina muna gwada manhajojin, amma na daina auna su da daɗin Hausa. Wadda ta ba ni amsa da sauri nakan tsaya in tuna abin da ban faɗa mata ba, don ba ta san a garinmu hatsi da mutane ɗaki ɗaya suke kwana ba. Kuma duk sanda wata ta tsare ni da tambayoyi na ji haushi ya taso, abin da ke faɗo mini shi ne safiyar nan. Inna ta zo bakin ƙofar ta tsaya, ba kazar take kallo ba. Tabarmar yaran take kallo, tana nan a shimfiɗe dab da ƙafar gadon, yadda ta gyara musu ita tun kafin mu iso.