Dutsen Kaka a Cikin Gwangwani

Duk lokacin da na ji tsakuwa tana juyawa a cikin gwangwani, sai ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu ya zo mini a hanci, ko da babu yumɓu a kusa. A ɗakina na makaranta ina da ɗan injin goge duwatsu da nake kunnawa idan an kawo wuta. Abokiyar zamana ta ce ƙararsa kamar ana wanke wake a ƙwarya. Ni kuwa keken ɗinkin kawuna yake tuna mini, da tarin kakata a bayan ɗaki. Bari in gaya maka yadda na fara wannan abu, domin da ɓarna na fara shi.

Gidanmu yana Minna, ba nisa da layin dogo. Idan jirgi ya wuce, kwanonin da ke kan kanta sai sun ɗan yi rawa. Kaka, mahaifiyar mamata, ta zo zama da mu daga wani ƙauye gaba da Kuta sa'ad da idanunta suka fara hazo. Maginiyar tukwane ce. Ta yarda ta bar gonarta da kajinta, amma ta ce ba za ta bar yumɓu ba, don haka 'yan uwa suka riƙa aiko mata da shi a buhu ranar kasuwa. A bayan ɗakinta, ƙarƙashin mangwaro, ta shimfiɗa wurin aikinta.

Ni yarinya ce marar magana. Idan baƙi suka shigo, bayan ƙyaure nake maƙalewa da littafi. Wurin Kaka kaɗai nake iya zama awa guda ba a ce mini, "Ke, yi magana mana." Malama take kirana, don tsokana.

"Malama, littafin ya ce mu ci abinci yau, ko mu jira?"

Cikin kayan aikinta akwai wani dutse baƙi, bai kai ƙwan kaza girma ba, wanda take ajiyewa shi kaɗai a ɗan kasko. Idan tukunya ta sha iska, ta daina manne wa hannu amma ba ta bushe ba, sai ta ɗauko shi ta riƙa goga mata a jiki, a hankali, har tukunyar ta ɗauki sheƙi tun kafin ta ga wuta. Dutsen yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Gefe ɗaya yana da faɗi don cikin tukunya, gefe ɗaya siriri don wuya, a tsakiya kuma akwai ɗan gurbi inda babban yatsa ke zama. Kaka ta ce uwarta ce ta tsince shi a kogi tun tana budurwa. A ƙasan dutsen akwai wani ɗan tabo, inda ya taɓa faɗuwa ya ɓantare kaɗan. Wannan tabon ya daɗe yana damuna. Ni mai son abu ya daidaita ce, ko layin biro ya karkace sai na sake shafi.

Ina aji biyar na firamare na karanta a wani littafin makaranta cewa kogi ne ke gyara duwatsu, yana mirgina su cikin yashi shekara da shekaru, kuma wai akwai masu kwaikwayon kogi da ganga mai juyawa. Na yi kwana uku ina juya maganar a raina kafin na iya faɗa wa kawu. Shi tela ne, ƙanin mamata, shagonsa a ƙofar gidanmu. Ya saurare ni har ƙarshe, allura a bakinsa.

"To, kogi kike so in gina miki a shago ke nan?"

Na sunkuyar da kai. Washegari na dawo makaranta na tarar ya samo babban gwangwanin madara, ya ɗora shi a kan sanduna biyu a ƙarƙashin teburin keken, ya yanko robar tsohuwar tayar keke ya haɗa shi da ƙafafun injin. Duk sanda ya taka ɗinki, gwangwani sai ya juya. Ya kuma daka mini fasasshen dutsen da yake wasa almakashi da shi, ya ce wannan garin ya fi yashi cizo.

Duwatsun farko daga bakin ruwan Tagwai muka kwaso su, bayan damina, da ruwa ya ja baya ya bar tsakuwa a fili. Na zaɓi farare da jajaye da wasu masu zane kamar an ja musu layi. Na tanadi littafi guda ina rubuta komai: ranar da na zuba, irin garin da na sa, yawan ruwa. Na koyi cewa ba a cika gwangwani, sai an bar wa duwatsu wurin faɗuwa. Na koyi cewa dutse mai laushi ba ya zama da mai tauri, domin uku daga cikin waɗanda na fi so sun narke sun zama laka. Ana farawa da gari mai kaushi, a wanke tas, a koma wanda aka tankaɗe da rariya, a sake wankewa, a koma wanda aka tace da yadi. A ƙarshe toka da guntayen fata da kawu ya roƙo mini wajen mai gyaran takalma. Idan ƙwayar gari mai kaushi ɗaya ta ɓuya a murfi, ta bi su zuwa mataki na gaba, aikin mako biyu ya tashi a banza. Sau ɗaya hakan ta same ni.

Masu kawo ɗinki suka saba da ƙarar. Wani ya tambayi kawu ko injinsa ne ya lalace, ya ce a'a, kogi ne ya kama haya. Kusan wata uku aka yi kafin na fito da duwatsu goma sha biyu masu santsi. Na naɗe su a tsumma na ɓoye. Kunya ta hana ni nuna wa kowa, har Kaka.

Da bazara ta shigo, Kaka ta tafi Kuta bikin suna, ta ce za ta yi kwana goma. Kafin ta tafi ta gaya wa mama cewa idan ta dawo za ta gina mata babbar randa, kuma daga ita ta gama manyan ayyuka, domin kafaɗarta ta daina yarda. A ranar da ta tafi na shiga ɗakinta na ɗauki baƙin dutsen. Lissafina mai sauƙi ne: kwana goma, in cire masa tabon nan, in mayar da shi kasko, ta dawo ta ji shi sumul, ta yi ta mamaki. Ban gaya wa kawu ba. Na jefa shi cikin sababbin tsakuwa, na zuba gari mai kaushi, na rufe.

Makon nan ɗinki ya yi wa kawu yawa, keken bai huta ba. A rana ta takwas na buɗe gwangwani na wanke. Na daɗe ina nema kafin na gane shi. Ya zama toka-toka, ya dushe kamar kowane dutsen bakin hanya. Siririn gefen da ake bin wuyan tulu da shi ya cinye. Tabon kuwa yana nan, ko gezau. Sai a lokacin na tuna abin da ni kaina na rubuta a littafina: gari mai kaushi sheƙi yake fara cirewa. Wata uku ake bukata, ni kuma kwana biyu suka rage mini.

Na mayar da shi kasko, ban ce wa kowa komai ba.

Kaka ta dawo da ƙullin doya da labarai. Ta kwaɓa yumɓu, ta fara randa. Kwana huɗu tana zagaya ta, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, bayanta a duƙe. Ina zaune kusa da littafi a buɗe, ban karanta ko layi ɗaya ba. Kowace safiya sai in ce yau zan faɗa, kowace safiya kuma sai in fasa. Ta lura ba na cin abinci sosai, har ta ce wa mama a duba ko zazzaɓi ne.

Rana ta biyar da hantsi ta taɓa jikin randa da bayan hannu, ta ce ta yi. Ta miƙa hannu cikin kasko ba tare da ta duba ba, kamar kullum. Na ga yatsunta sun tsaya. Ta juya dutsen sau ɗaya, sau biyu. Babban yatsanta ya sami gurbinsa ya zauna. Wurin nan kaɗai ne garin bai kai ba, shi kaɗai ya rage da santsinsa. Ta yi wata magana a hankali da harshen ƙauyensu, wanda rabi kawai nake ji, kuma ba da ni take ba. Sannan ta ɗora shi a jikin randa ta ja kaɗan. Ya bar karce, fari, kamar an ja ƙaya.

"Ni ce, Kaka." Na rufe littafin. "Na sa shi a gwangwani. Tabon na so in cire miki."

Ba ta ɗago ba. Ta shafa ƙasan dutsen inda tabon yake.

"Wannan? Ni na yar da shi, ina kamar ke. Uwata ta bi ni da muciya har bakin rafi." Ta juya shi a tafinta. "Da shi nake tuna gudun."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta jiƙa tsumma ta lulluɓe randar, ta ce zafin nan ba zai bar ta ta wuce gobe ba. Idan ta bushe ba a goge ba, haka za ta shiga wuta da kaushinta, ruwa ya riƙa tsatsafowa ta ko'ina, kuma ita ba ta da kafaɗar sake wata. Ta gwada bayan cokali a gindin randar, ta ce ƙarfe ba ya jin magana a hannunta. Ta zauna ta jingina da mangwaro, dutsen a tafinta.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ɗauko ƙullin tsummana na kwance shi a cinyarta, na koma gefe na tsaya.

"Mene ne kuma, Malama?"

"Na farkon ne. Waɗannan sun gama."

Ta ɗauki ɗaya ta goga a leɓenta na ƙasa. Ashe haka masu gini ke gwada dutse, domin leɓe yana jin abin da yatsa ba ya ji. Ta ajiye shi gefe. Ta ɗauki na biyu, ta ce wannan ado ne kawai. Na uku ya yi ƙanƙanta. Na huɗu yana da rami da ni ban taɓa gani ba. Ina tsaye ina ƙirgawa. Kawu ya bar ɗinki ya leƙo, mama ta fito da ludayi a hannu. A na tara, wani ja mai ɗan tsawo, ta daɗe. Ta sake goga shi a leɓe. Ta yaye tsumman, ta ja shi a kafaɗar randa, wurin ya ɗauki haske.

"Hm. Yaro ne, bai san aiki ba," in ji ta. "Amma ba shi da mugunta."

Kawu ya ce to a rubuta, kogin shagonsa ya haifi ɗa. Kaka ta ce ya koma ya ƙarasa wandon mutane.

Har la'asar tana gugar randar nan. Da ta zo wuya, inda hannunta ba ya kaiwa sai da ciwo, ta kama hannuna ta ɗora a kan jan dutsen, nata a bisa nawa, muka zagaya tare. Karcen da baƙin dutsen ya yi ta bar shi, ta ce a san an yi.

Da yamma na ce ta ba ni tsohon in mayar gwangwani, in bi da shi matakan duka, wata uku zai dawo. Ta damƙe shi.

"A'a. Ya sha juyi ya ishe shi. Ba gwangwani ya ba shi haske ba, tukunya ce. Ke kika kwashe, ke za ki mayar."

Daga ranar, kullum na dawo makaranta sai ta ba ni ɗan kasko ɗanye in goge da baƙin dutsen. Kasaken farko duk sun fito da karce, ta ba kaji su sha ruwa a ciki. A shekara ta biyu karcen ya ragu. Kafin ta rasu, ina aji huɗu na sakandare, ta taɓa goga shi a leɓenta ta ce, "Ya fara tuna kansa."

Yanzu shagon kawu keken lantarki ne a ciki, babu abin takawa, gwangwanin ma tsatsa ta cinye shi. An sare mangwaron an yi ɗaki a wurin. Akwai firij a gida, amma idan na je hutu daga randar nan nake sha, kuma ina sa yatsa in nemo karcen a kafaɗarta. Injina na yanzu yana yin aikin wata uku cikin makonni kaɗan, da garin da ake sayarwa a leda, kowanne da lambarsa. Na goge duwatsu da yawa da shi, na rarraba wa mutane. Masu son farawa sukan tambaye ni me za su fara saya, ni kuma nakan ce su fara tambayar mai dutse kafin su jefa shi ciki.

Baƙin dutsen yana cikin jakata. Ba ya shiga inji. Ina aikawa a kawo mini yumɓu daga Kuta, ina gina ƙananan kasake marasa kyau, don kawai ya sami abin gogewa. Gefensa mai faɗi ya yi duhu, ya soma ƙyalli, ko da yake har yau bai kamo ƙyallin gurbin yatsa ba. Tabon yana nan a ƙasa, kuma na daina ganin ya kamata a cire shi.