Hantsin Sallau Cindo

Kullum bayan sallar la'asar Sallau Cindo zai jingine kekensa a bayan zauren wasan kwaikwayo na Dakoro, ya rufe tagogi, ya yaye zanen da yake lulluɓe konsol, allon nan mai maɓallai da ake sarrafa fitilun dandamali da shi. Shekara goma sha huɗu ke nan. Da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, 'yan wasa kuwa ba sa gajiya da tsokanarsa, wai saboda maɓallan ne Allah ya yi masa gyara.

Lokacin da wani furoje, wato shirin tallafi, ya kawo na'urar, ya bar ta da littafi cikin yaren da ba mai ji, haɗa hasken wasa ɗaya kwana biyu yake ci. Fitila ashirin da huɗu, kowace da lambarta, kowace fitowa sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. In aka sauya ƙwan fitila, a koma farko. Cindo ya ce wannan ba aiki ba ne, azaba ce. Ya zauna ya haɗa haske iri biyar, ya adana su cikin na'urar, ya raɗa musu suna: hantsi, rana tsaka, la'asar sakaliya, almuru, farin wata. Kowace fitowa sai ta kira sunan da take so. Ka gyara hantsi sau ɗaya, duk inda hantsi yake cikin wasanni talatin ya gyaru. Aikin kwana biyu ya dawo bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

Akwai ranar da Samba, wani makiyayi daga Azagor, ya tare shi bayan wasa ya ce, "Almurunka na birni ne, malam. Namu bai ja haka." Da wani ne, da ya ji haushi. Cindo motar kasuwa ya hau, ya yi kwana uku a rugar Samba yana kallon faɗuwar rana, ya dawo ya rage jan.

Bara idonsa ya fara dushewa. Lokotoro a Maraɗi ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Cindo bai faɗa wa kowa ba. Tsoronsa ɗaya, kada a ce ya sauka daga kujerar nan. Sai ya riƙa ganin dandamali ya yi duhu, yana ƙara wa fitilu ƙarfi kaɗan-kaɗan, har hantsinsa ya fi rana tsaka zafi. 'Yan wasa na zufa, suna ƙanƙance ido, kowa ya gane, kowa ya yi gum. Mu abokan aikinsa mun kira abin kara. Ni dai yau kunyarsa nake ji.

Madan Hamsatu, malamar lakwal, wato makarantar boko, da ke jagorantar ƙungiyar wasan, ita ta yi ta maza, ta same shi ana gwaji.

"Baba Sallau, ka gafarce ni. Hantsin ga ya yi yawa."

"Yawa, Madan? Ai da ƙyar nike ganin mutanen."

"Mu kau ƙuna muke, Baba. Wata huɗu ke nan."

Ya shafa maɓallan da hannunsa. Can ya ce, "Wata huɗu kuna gasuwa, ba wanda ya ce mani uffan?" Ya tashi, ya laluba bayan kujerar ya juya mata ita. "Zamna. Taɓa hantsi, ki ja shi ƙasa har idonki ya ce ya isa."

Ta ja. Ta bi sauran huɗun haka. Cikin kwatan awa ɗaya wasanni talatin suka koma daidai, a hannun matar da ba ta taɓa zama gaban na'urar ba.

"Mi ya rage?" in ji shi.

"Babu, Baba."

"To, madalla," ya ce.

Kai ne, Cindo, ka sauƙaƙa aikin har ya daina bukatarka, kana kuwa sane da haka tun ranar da ka raɗa sunayen nan. Mai yatsa shida, gwanin da bai ɓoye gwaninta ba. Ba a taɓa kiran sunanka a kan dandamali ba, tafi duk na waɗanda ka haskaka ne. Mun gode, kuma ka yafe mana shirun da muka yi. Duk mai sana'a a garin nan ya duba, ya tsara aikinsa yadda na bayansa zai iya ɗauka ba sai ya yi kuka ba.

Ranar Asabar akwai wasa, an ajiye maka kujera a sahun gaba. Ka ce za ka zo ka saurara.