Malamar da Take Zama a Kan Hannuwanta

A makarantar da jikata take karatu akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da famfo. A nan Malamar Hannu take aiki. Yara ne suka raɗa mata sunan, iyaye muka ɗauka, domin aikinta shi ne koya wa yaran da gaɓoɓinsu ba su da ƙarfi yadda za su riƙe cokali, su kama fensir, su sa maɓallin riga.

Ita ce babba a gidansu. An haifi ƙanenta da shanyayyen hannu, kuma ita ta yi renonsa. Ta faɗa mini cewa tsabar tausayi ya sa suka riƙa yi masa komai, har ya yi gemu bai iya ɗaura wandonsa ba. Abin da ya kai ta karatun wannan aiki ke nan. Sai dai tun da ta gama ba a taɓa ɗaukarta aikin dindindin ba. Kwantiragin shekara ake ba ta. Idan dogon hutu ya zo, sai ta kwashe kayanta a kwali ta koma gida jiran a sabunta. Shi ya sa ba ta taɓa buga ƙusa a bangon ɗakin ba. Da gam take manna hotunanta.

Ni nake kai jikata makaranta, domin uwarta tana fita aiki da sassafe. Amarya nake kiran yarinyar, irin wasan kaka da jika. Yatsunta a ƙage suke tun haihuwa. Ranar da na fara shiga ɗakin, na ga an ajiye mata kwano da cokali, ita kuwa Malama ta zauna a benci ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta. Abincin ya zube, yarinya ta fara kuka. Na yunƙura.

"Baba, zauna," in ji Malama.

"Amaryata fa take kuka."

"Na ji. In ka ba ta yau, gobe ma kai za ka ba ta. Ka shirya bin ta gidan miji da cokali?"

"Ai ni ne mijin."

"To, ango ya nemi wuri ya zauna."

Daga baya ta bayyana mini cewa hannuwanta ba sa jin maganarta. Idan ba ta danne su ba, kafin ta ankara sun kai wa yaro ɗauki. Kafin shekara ta raba, Amarya tana cin abinci da kanta. Sai aka shiga batun maɓalli, wanda ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Dab da hutu wani jami'i ya zo daga ofishin ilimi, domin sai an duba aikin masu kwantiragi kafin a sabunta. Shugaban makaranta ya leƙo tun da safe ya ce wa Malama, "'Yar'uwa, yau ki ɗan yi motsi, a ga kina wani abu." Ta ce to.

Amma lokacin da jami'in ya tsaya a bakin ƙofa, maɓallin Amarya ya shiga rabi, abin da bai taɓa faruwa ba. Malama ta san idan ta miƙe, hankalin yarinyar zai bar rigar. Sai ta amsa gaisuwa da kai kawai, ta ci gaba da zama a kan hannuwanta. Mutumin ya jima yana kallon yarinya tana gumi, babba kuma tana zaune. Ya yi gaba. Yana kaiwa aji na gaba maɓallin ya shige. Ni da Malama kaɗai muka gani.

Hutu ya yi nisa, aka kira sauran masu kwantiragi, Malama kuwa aka ce ana dubawa. Na rubuta takarda da hannuna, na sa babbar riga na kai ofishin. Jami'in ya karɓe ni da mutunci, har ya ba ni kujera.

"Baba, ban ce ba ta aiki ba," in ji shi. "An rage guraben aiki, aka ce in rubuta abin da idona ya gani. Malamin kurame na same shi a tsaye yana fama. Mai koyar da magana muryarta har ta dushe. Ita na same ta a zaune. Kai ne ni, wa za ka cire?"

Na tashi na yi masa sallama, domin na san yaran malamin kurame, kuma su ma suna da kakanni.

An koma makaranta, ɗakin yana kulle. Malama ba ta nemi wani aiki ba tukuna. Ta ce ba a ce mata a'a ba, kuma tana tsoron ta kama wani wuri a kira ta washegari. Takan bugo mini waya ta tambayi Amarya.

"Ku ba ta lokaci, Baba. Kada ku yi mata."

Nakan ce to. Amma gidanmu da safe babu lokaci. 'Yata ta yi ƙoƙari a makon farko, har aka yi mata gargaɗi a wurin aiki saboda makara. Jiya na ce ta bari yarinyar ta gwada ko da maɓalli ɗaya.

"Baba, motar wurin aiki ba za ta jira ni ba," in ji ta, kuma gaskiya ta faɗa.

Amarya ba ta ko kalli rigar ba. Ta saki hannuwanta, ta ɗaga haɓa, tana jiran uwarta ta gama.