Malamin da Ke Riƙe da Takalmi Ƙafa Ɗaya

A kan bencin asibiti, kusa da ni, wani mutum ne zaune da takalmin yarinya ƙafa ɗaya a hannu. Ba sai an gaya maka malamin makaranta ne ba: ga alli har gwiwar hannu, ga jan biro a aljihu. Leɓɓansa na motsi. Na ɗauka addu'a yake yi, sai na ji yana maimaitawa, "Ai an riga an tashi. A wajen makaranta ta faɗi." Ashe hujja yake haddacewa. Da ganinsa, ya taɓa ganin an kori wani malami a kan abin da bai kai wannan ba.

Sai ga wata mata ta shigo a guje, mayafi a hannu. Ya miƙe zumbur kamar an kira shi gaban alƙali.

"Baiwar Allah, ai an riga an..."

"Kai ka ɗauko min ita?"

"Ni ne."

Nas ta leƙo ta ce, "Ɗinki biyu ne kawai a goshi. Takalminta ma take nema."

Matar ta yi ajiyar zuciya, ta dubi jinin da ke kafaɗarsa.

"Malam, kawo rigar nan in wanke maka. 'Yar nan tawa ko ɗaure ta ka yi sai ta hau katanga."

Ya miƙa mata takalmin da hannu biyu, ya koma ya zauna yana dariya shi kaɗai.